Kwandala Uku a Kan Gilashin Baba Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, amma wannan ba irin wadda ake yi wa yara don su yi barci ba ce. Ta manya ce, kuma sai kun yanke mata hukunci kafin a kira magariba. Kai Hashimu, kife wayar nan a cinya. Da kai nake, tunda a kan irin abin da kake latsawa ne rigimar ta tashi.

Duk wanda ya yi wayo a garin nan kafin a rushe tsohuwar silima ya san shagon Baba Nomau. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, a jikin teburin shayina. Shekara ashirin da wani abu muna maƙwabtaka, don haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, a idona aka yi. A cikin shagon akwai injin wasa irin na da, mai tsawon mutum, da gilashi kamar na talabijin, da sandar tuƙi mai jan kai, da 'yar kafa inda ake jefa kwandala. Masunci muke kiransa. Sunansa na gaskiya yana rubuce a goshinsa da wani rubutu kamar kaza ta yi tono, ba wanda ya taɓa iya karanta shi. Wani ɗan mutum ne a cikin kwale-kwale, yana kamun kifi yana kauce wa kada, kogi bayan kogi har talatin. In aka kife ka sau uku, kwandalarka ta tafi, sai ka matsa.

Shagon yana da doka ɗaya, kuma ita ce ta hana a riƙa fasa wa juna baki. In kana son bugawa, sai ka ɗora kwandalarka a kan gilashi. Wanda tasa ta riga taɓa gilashin, layi nasa ne. Baba Nomau ne alƙali, kuma a lokacin idonsa ba ya kuskure. Sannan injin yana riƙe sunayen mutum goma da suka fi kowa maki, yana nuna su a jere duk lokacin da ba a bugawa. Kada ku raina wannan jerin. Na ga magidanci da iyali ya ƙi cin abinci don an ture sunansa daga na bakwai zuwa na takwas.

A cikin masu zuwa shagon akwai abokai uku da ba sa rabuwa, kuma ba sa barin juna su sha ruwa cikin daɗi: Mantau, Labaran da Badamasi. Mantau ne na ɗaya a jerin. Shi kaɗai ya taɓa ƙetare kogi na talatin, inda wata dorina take tare hanya gaba ɗaya, kuma duk lokacin da ya kai wurin sai ya cire hularsa ya rufe hannunsa da ita, don kada a ga yadda yake yi. Labaran ne na biyu. Kullum na biyu. Ya zuba wa injin nan kwandalar da za ta sayi keke, amma dorina ba ta taɓa raga masa ba, har ya kai ga in an ambaci sunan Mantau sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi. Badamasi kuwa ko na goma bai taɓa shiga ba, hannunsa kamar na mai daka. Abin da ya iya shi ne ya yi sammako ya ɗora kwandala, in layi ya yi tsawo ya sayar da wurinsa. Yana dariya yana cewa shi ya fi su wayo, amma na sha ganinsa yana tsaye shi kaɗai yana kallon jerin sunayen nan.

Ni ma na taɓa bugawa sau ɗaya, tunda na ga Hashimu zai tambaya. A kogin farko kada ya gama da ni. Mu wuce wurin.

Zamani ya juya. Aka kawo gem irin na yanzu da ake jona wa talabijin, sannan waya ta zo ta shiga aljihun kowa. Baba Nomau ya rufe shago, ya sa aka tura Masunci zauren gidansa, aka jibga masa buhunan dusa. Abokan nan uku suka girma suka yi iyali. Mantau ya zama direban babbar mota, Labaran ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin, Badamasi ya zama dillali a kasuwa, wanda dama kowa ya san can zai ƙare. Shekara goma sha biyar ba wanda ya ƙara waiwayar injin.

Sai yanar ido ta rufe wa Baba Nomau idanu duka biyu. Mutumin da yake rarrabe kwandalar da ta riga faɗuwa ya koma ba ya gane ni sai na yi magana. Likita ya ce akwai aiki, amma in aka bari damina ta wuce, to a haƙura. Ɗiyarsa ɗaya ce, Lantana, tana aure a ƙauye, kuma mijinta ba mai hali ba ne. Baba ya sayar da akuyoyinsa, abin bai kai ko'ina ba.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba da hantsi, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidan da masu tura amalanke. Ya ce shi ɗan gwangwan ne, ya ji akwai tsohon ƙarfe. Ya taya injin kuɗin da bai fi na buhun masara ba. Baba ya yi murna, har an fito da Masunci an ɗora a amalanke an fara ɗaure shi da igiya. Kun san ciniki: da mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ƙare, ko da kuka za a yi daga baya. Baba ya buɗe baki ke nan, sai ga Badamasi ya biyo ta layin. Bai kalli injin ba, ƙafar mutumin ya kalla. Takalmi sau-ciki, an goge shi yana ƙyalli. Kuma ya lura mutumin ya shimfiɗa bargo a ƙarƙashin kayan da ya ce zai fasa da guduma.

Tun daga nesa Badamasi ya ɗaga murya: "Albarka! Baba, kada ka sallama. Albarka!"

Mutumin ya ninka tayinsa. Badamasi ya ce albarka. Ya sake ninkawa, ya sake jin albarka. Daga nan ya ja Badamasi gefe ya ce masa, "Malam, kai ma ɗan kasuwa ne. Tsohon nan ba ya gani, bai san abin da yake da shi ba. Ka yi shiru, naka kason ya fi abin da za ka samu a shekara." Badamasi ya gaya mini da bakinsa cewa ransa ya biya, don a lokacin ginin gidansa ya tsaya a linta. Amma ya ce wa masu amalanke su kwance igiya.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana bin diddigi, daga wannan dillali zuwa wancan, har Kano, har Legas ta waya, da ɗan guntun Turancinsa. Ashe wani kamfani ne a ƙasar waje yake tattara tsofaffin wasanni yana zuba su a na'urorin zamani. Waɗanda suka ƙera Masunci sun rufe tun tuni, kuma an nema an rasa ko guda ɗaya mai rai. Badamasi ya tsallake mai takalmin, ya kai ga wata mata ta kamfanin, ya yi ta ja da ita har ta amince da abin da zai biya aikin ido ya rage wa Baba na cefane. Ya kuma kafe cewa ba za a ɗauki injin ba, sai dai su kwafi abin da ke cikinsa su bar masa kayansa. Ta yarda, amma da sharaɗi. Sai injin ya tashi da jerin sunayensa na asali, shi ne shaidar ba jabu ba ne. Kuma sai an buga shi daga kogin farko har ƙarshe a gaban kyamara, ana ganin hannun mai bugawa, don su tabbatar ba abin da ya ɓace a ciki. Da Badamasi bai biyo ta layin nan ba, ko da ya karɓi kason da aka yi masa tayi, da ba mu zo nan ba.

To amma injin gawa ne. Ɓera ya yi gida a ciki ya ci wayoyi, ruwan sama ya bi ta rufin zaure ya sa tsatsa, gilashin ya tsage. Aka kira Labaran. Ya zo yana cika yana batsewa, don ya ji ana ta yabon Badamasi a gari. Ya buɗe bayan injin ya daɗe yana kallo. Daga nan ya rufe shagonsa na mako uku, masu rediyo suna zuwa suna zaginsa suna komawa. Waya ɗaya ɗaya ya bi yana canzawa. Gilashin kuwa ba a sayar da irinsa ko'ina yanzu. Guda ɗaya ya sani mai wannan girman: talabijin ɗin da marigayi mahaifinsa ya saya, wadda ya ajiye a ɗaki yana gogewa duk Juma'a, ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa. Ya ɗauko ta ya farke ta da hannunsa.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne wani ɗan batir kamar maɓallin riga, can a ƙuryar injin. Shi ke riƙe da jerin sunayen nan duk tsawon shekarun, kuma saura ƙiris ya mutu. In aka cire shi ko na ƙiftawar ido kafin a jona wani, jerin ya goge har abada. Na kai masa shayi a daidai lokacin, bayan azahar. Yana riƙe da ƙarfen dalma, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ce mini, "Baba mai shayi, ka san in hannuna ya ɗan goce, sunan Mantau ya tafi? Kuma ba wanda zai ce da gangan na yi." Na ce na sani. Ya ce, "Shekara talatin sunan nan yana zaune a kaina." Ni kuwa ban ma iya ajiye kofin ba. Can ya sunkuya ya liƙa sabon batir kafin ya cire tsohon. Da aka kunna, injin ya yi wannan kukan nasa da duk muka manta, sunaye goma suka fito, Mantau a sama, Labaran a ƙarƙashinsa. Labaran ya kalla sau ɗaya ya fita waje ya tofar da yawu. Da bai farke talabijin ɗin mahaifinsa ba, ko da ya bar hannunsa ya goce, da cinikin Badamasi ya tashi a banza.

Saura bugawa. Aka gwada samarin unguwa masu taƙama da gem, ba wanda ya wuce kogi na shida. Labaran ya zauna da kansa, ya kai na talatin sau huɗu, dorina ta kife shi sau huɗu. Dole aka aika wa Mantau, yana hanyar Fatakwal. Da farko cewa ya yi, "Ai na ji an ce Badamasi da Labaran sun gama komai. Me kuma ake nema a wurina?" Sai da Lantana ta kira shi tana kuka, sannan ya bar motar a hannun wani direba ya hau ta haya ya dawo, ya rasa aikin a dalilin haka. Ga shi jak ɗin ɗaga mota ya taɓa danne masa babban yatsa, ba ya lanƙwasuwa sosai. Kwana tara yana gwaji, yatsan ya kumbura, matarsa tana gasa masa da ruwan zafi.

Ranar da aka kafa kyamara, zauren ya cika har waje. Baba Nomau yana zaune a tabarma yana bin wasan da kunne, yana faɗin kogin da aka kai tun kafin mu masu ido mu ƙirga. Da Mantau ya iso na talatin, hannunsa ya tafi kan hula da kansa. Badamasi ya ce, "Mutumina, ba hula. Sun ce sai an ga hannu." Mantau ya dube shi, ya dubi Labaran da ya matso har numfashinsa yana taɓa masa wuya. Ya san in ya nuna, ba Labaran kaɗai ba, duk duniya ta gani, kuma abin da ya fi kowa da shi a rayuwarsa ke nan. Yana iya barin dorina ta kife shi ya ce tsufa ne. Ya mayar da hular kansa. Dorina ta taso, kowa yana jiran ya ga irin murɗa sandar da zai yi, sai kawai ya saki sandar ya ɗaga hannu biyu sama. Ruwa ya ja kwale-kwalen a hankali ya bi da shi ta gefen dorina ya wuce. Shi ke nan sirrin: a daina tuƙi. Labaran ya dafe kai ya ce, "Wannan ne? Wannan ne ka ɓoye mini shekara talatin?" Da Mantau bai dawo ba, ko da ya rufe hannunsa, da gyaran Labaran da cinikin Badamasi duk sun zama labari.

Kamfani ya biya, aka yi wa Baba Nomau aiki kafin ruwan farko, ido biyu suka buɗe. Sai ku ce an gama lafiya. Ina!

Bayan wata biyar wasan ya fito a na'urorin zamani. Badamasi ya nuna mana farashin a wayarsa, na ce ya sake dubawa. Bai kai shayi da burodi da ƙwai biyu a teburina ba. Ka saya sau ɗaya, ka yi ta bugawa har ka gaji, ba layi, ba kwandala, in an kife ka ka danna ka ci gaba. Duk da haka wai akwai masu ƙorafin ya yi tsada, wai tsohon wasa mai launi huɗu ai kyauta ya kamata a ba da shi. Yaran gidana sun saya, suka buga kwana biyu suka watsar. Hoton hannun Mantau kuwa an haɗa shi da wasan, kafin mako ya zagayo wani a wata ƙasa ya ninka makinsa. Ranar Mantau bai fito ko masallaci ba.

Amma abin mamaki, yadda na cikin na'ura ya yi arha, haka na zauren Baba ya yi daraja. Wancan kowa yana da shi, wannan guda ɗaya ne a duniya. Mutane suka fara zuwa daga Kano da Kaduna don su gan shi su ɗauki hoto, kuma kowa ya zo sai ya tambayi wa ya ceto shi. A nan abota ta lalace. Badamasi yana cewa ba don shi ba da tuni an yi tukunya da injin. Labaran yana cewa gawa aka kawo masa ya tayar. Mantau yana cewa akwati ne kawai in ba wanda ya iya shi. In baƙi suka ɗauki hoto da ɗaya, sauran biyun sai su kwana da ciwon rai. Suka daina zama benci ɗaya a wurina, kowa da lokacin shan shayinsa. Har matansu suka daina aika wa juna tuwon salla.

Makon jiya Baba Nomau ya tara su a zaure, ya kira ni shaida. Ya ce ya tsufa, zai koma ƙauye wurin Lantana, kuma can ba wutar da za ta riƙe injin. Ya fito da mabuɗinsa, guda ɗaya, a ɗaure da zare. Ya ce, "Yaran nan, ba ni da abin da zan biya ku. Wannan kaɗai gare ni, kuma ba ya rabuwa uku. Na so in ce ku haɗu ku riƙe shi, amma mutanen da ba sa iya haɗa benci ba za su haɗa mabuɗi ba. Ku zaɓi ɗaya a cikinku." Ba wanda ya ɗaga kai. Da ya ga haka sai ya yi dariya, don ya sassauta abin, ya ce, "To, ko mu koma dokar shago? Wanda kwandalarsa ta riga taɓa gilashi." Da wasa ya faɗa, jama'a. An daina karɓar irin kwandalar nan tun kafin a haifi Hashimu, wa zai zaci akwai mai ita?

Kafin ya rufe baki muka ji ƙwas a kan gilashi. Ƙara ɗaya, kwandala uku. Ashe kowannensu yana yawo da tasa a aljihu tun ranar da injin ya tashi, kowa yana ɓoye wa 'yan'uwansa. Magidanta uku masu furfura a gemu, kowa ya danne tasa da yatsa, suna hararar juna.

Suka juya ga Baba, tunda shi ne alƙali, ga kuma sabon ido. Ya daɗe yana kallon yatsun nan uku. Sai hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Ban ga wadda ta riga ba. Ku na gani. Lokacin da nake makaho ina jin muryoyinku a zauren nan ina cewa Allah ya ba ni 'ya'ya uku. Da na san abin da zan buɗe ido in gani ke nan, da ban yi gaggawar zuwa asibiti ba."

Jiya da safe ya hau mota. Kafin ya tafi ya tsaya a teburina ya ce in kawo maganar gaban majalisar nan, duk wanda kuka zaɓa shi ke nan. In kuma Juma'a ta zo ba a tsayar da kowa ba, in kira 'yan gwangwan na gaskiya, masu guduma, su fasa shi a auna a kilo, kowa ya huta. Na san Nomau shekara arba'in, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Kwandalolin nan uku suna can a kan gilashi har yanzu, ba wanda ya yarda ya ɗauke tasa.

Mabuɗin kuwa ga shi nan, ku gan shi, da zarensa. Kwana ɗaya ya yi a aljihuna ya hana ni sakat, don ni ma da kada ya cinye a kogin farko na kama kaina ina shafa shi.

To, ga Badamasi da ya ce albarka ya ƙi kason da zai rufa masa gida. Ga Labaran da ya farke talabijin ɗin mahaifinsa, ya kuma raya sunan da ya fi tsaya masa a rai. Ga Mantau da ya rasa aikinsa ya ɗaga hannu duniya ta ga sirrinsa. Yau Laraba. Ku gaya mini, a tafin wa zan sa mabuɗin nan?